Zaga Duniya da Sunan Aikin Sa Kai: Wa Ake Taimakawa?

Maganata ta yau doguwa ce, wanda yake sauri ya ajiye ta sai ya samu natsuwa.

Duk mai leƙa YouTube ko Instagram ya san irin bidiyon da zan yi magana a kai. Saurayi ko budurwa daga Ingila, Jamus, Amurka ko Ostireliya ya ajiye aiki, ya sayar da mota, ya goya jaka, ya ce zai yi shekara ɗaya ko biyu yana zaga duniya. Wata guda a Tailan yana wanke giwaye, mako uku a Nepal yana koyar da Turanci, mako biyu a wani gidan marayu a Kambodiya, daga nan ya wuce Kenya ya shafa wa wani aji fenti. Kowane zango da hotonsa, ya rungumo yara suna dariya. Yanzu abin ya fara burge matasanmu, har za ka ga ana yaɗa bidiyon ana cewa ka ga waɗanda suka san daɗin duniya, ga yawo ga lada.

Kafin wani ya fassara ni, idan na ce aikin sa kai ba 'yan sa-kai na dajin Zamfara nake nufi ba. Ina nufin mutum ya je wata ƙasa ya yi aiki ba don albashi ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: yawon duniya abu ne mai kyau, taimakon mutane ma abu ne mai kyau, amma haɗa su a jaka ɗaya yakan zama tauna taura biyu. Mai yawo yana son ya wuce gaba ya ga sabon wuri. Aikin taimako kuma yana son wanda zai zauna. In aka matsa sai an haɗa su, kusan kullum taimakon ne ake yi wa ƙwange, kuma waɗanda aka ce an zo dominsu su ne suke biyan kuɗin kuskuren.

Ni ba mai ƙin tafiya ba ne. Mu da muka gaji karin maganar tafiya mabuɗin ilimi, ai ba ma yi wa matafiyi gori ba. Ibn Battuta ya bar garin Tanja a 1325, ya yi kusan shekara 30 yana yawo. Sai dai a lura, bai tafi hannu rabbana ba. Ya karanci fiƙihu, shi ya sa ya yi alƙalanci a Delhi, ya kuma yi a tsibiran Maldibs. Kakanninmu ma da suke tafiya Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, sukan yi shekaru a hanya. Wani ya tsaya ya yi noman auduga a Gezira, wani ya yi ɗinki, wani ya kafa allo ya koyar da yara, in guzuri ya taru a ƙara gaba. Sun yi doguwar tafiya suna aiki, amma da sana'arsu suka tafi, kuma ba su ce wa masu masaukinsu mun zo ceton ku ba.

To yanzu bari mu duba yadda harkar take gudana a wannan zamani, don kasuwa ce sosai. Akwai kamfanoni a Turai da Amurka da Ostireliya da ba su da wata haja sai wannan. Matashi zai shiga shafinsu ya zaɓi ƙasa, ya zaɓi irin aikin, ya zaɓi mako nawa, kamar mai zaɓen ɗakin otal. Sai ya biya ɗaruruwan daloli, wani lokacin dubbai, ban da kuɗin jirgi. Wato shi ne mai saye. Kuma duk ɗan kasuwa ya san wanda ya biya shi ake faranta wa. Idan abin da mai saye yake so shi ne ya rungumi maraya, to dole a samo masa maraya.

Kambodiya ce misalin da ya fi fitowa fili. Wani bincike da UNICEF ta tallafa aka fitar a 2011 ya nuna cewa gidajen marayu a ƙasar sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010. Ba yaƙi aka yi a waɗannan shekarun ba, ba annoba ce ta kashe iyaye ba. Abin da ya ƙaru shi ne baƙi masu zuwa kallon tsohon wurin bautar nan na Angkor Wat, da kuɗin da suke zubawa. An kuma gano cewa kusan uku cikin kowane yara huɗu da ke waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida. Ana zuwa a ce wa uwa ki ba mu ɗanki zai samu makaranta da abinci sau uku, ita kuma ta ga ba ta da abin yi masa, ta sallama.

A Nepal ma haka. Lokacin yaƙin basasar da aka yi daga 1996 zuwa 2006, dillalai sun riƙa shiga ƙauyukan kan duwatsu irin na yankin Humla, suna karɓar kuɗi a hannun iyaye da alkawarin za su sa 'ya'yansu a makarantar kwana a Katmandu. Da an iso birni sai a yi wa yaro takardar ƙarya cewa iyayensa sun mutu, a sa shi a gidan marayu, a hana shi faɗin gaskiya. Masu bincike har suna suka sa wa irin waɗannan yara, marayun takarda. Kuma mafi yawan gidajen ba a yankunan da talauci ya fi tsanani suke ba, suna Katmandu da Pokhara da sauran wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke sauka. Bayan girgizar ƙasar Afrilun 2015, wadda ta kashe kusan mutum 9,000, sai da gwamnatin ƙasar ta hana a fita da yara daga gundumarsu ba tare da iyaye ko takardar izini ba, don ta san abin da zai biyo baya.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Yarinyar da ta taso daga Landan da zuciya ɗaya, ta tara kuɗinta na shekara guda tana aiki a shagon shayi, ita ce ta zama dalilin da ya sa aka raba wani yaro da uwarsa. Ba ta sani ba, ba ta nufa ba. Amma kuɗinta ne suka buɗe kasuwar. Kuma mai gidan marayun da ya gane cewa yagaggiyar riga da rufin da ke yoyo sun fi jawo tausayi, me zai sa ya gyara rufin?

Ko a gidan da babu cuta babu zamba, akwai wata illa da ido ba ya gani. Ƙaramin yaro yana buƙatar mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi. A irin waɗannan gidaje kuwa, yau wata anti ta zo ta goya shi, ta saya masa alewa, bayan mako biyu ta yi kuka ta tafi. Jibi wata ta zo. A shekara sai yaro ya yi ban kwana da mutum ashirin. Wannan rugowar da yaran suke yi suna rungume duk baƙon da ya shigo, wadda baƙin ke ɗauka ƙauna ce, masana tarbiyyar yara suna ƙirga ta cikin alamun matsala, domin yaron da ya samu kulawa yakan ɗan yi ƙiwa ga wanda bai sani ba. Wani dogon bincike da aka fara a Bukares ta Romaniya a shekarar 2000 ya kwatanta yaran da aka bari a gidajen marayu da waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo, aka ga na hannun iyalai sun fi ci gaba a ƙwaƙwalwa da magana da mu'amala, musamman waɗanda aka fitar tun suna ƙanana.

Ga kuma ƙofar da ake bar wa mugaye a buɗe. A Ingila ba ka isa ka yi aiki da yara ba sai an binciki tarihinka. Amma mutumin da aka hana shi kusantar makaranta a ƙasarsu yana iya hawa jirgi ya sauka a wata ƙasa, a ba shi ɗaki kusa da na yara saboda kawai farar fata ce kuma ya zo da kuɗi. A 2019 wata kotu a Nepal ta ɗaure wani fitaccen ma'aikacin agaji ɗan Kanada saboda lalata da yara maza. Mutumin da har lambar girma ƙasarsa ta taɓa ba shi kan aikin yara.

Duniya dai ta fara farkawa. A 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta amince cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'i ne na bautar zamani. A Disambar 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri kan yaran da ba sa hannun iyaye, ya nemi ƙasashe su magance illar aikin sa kai a gidajen marayu. Ruwanda kuwa tun 2012 ta kama hanyar rufe gidajen marayunta tana mayar da yara cikin dangi da iyalai masu riƙo. Wasu manyan kamfanonin tafiye-tafiye ma sun cire ziyarar gidan marayu daga tsarinsu. Amma ƙananan suna nan birjik a intanet.

Kada wani ya ce wannan can Asiya ne. Maƙwabtanmu na Cadi sun ɗanɗana. A Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa 'yan wata ƙungiya mai suna Arche de Zoé a garin Abeshe, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun Darfur ne. Da aka bincika sai aka tarar mafi yawansu 'yan Cadi ne, kuma suna da iyaye ko dangi na kusa, an yaudari iyayen da alkawarin makaranta. Har bandeji aka naɗa wa wasu yaran don su yi kama da marasa lafiya. Kotu a Njamena ta yanke wa mutum shida hukuncin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, sannan Idriss Deby ya yi musu afuwa a Maris na 2008. A Haiti ma bayan girgizar ƙasar 2010, an kama Amurkawa goma 'yan wani coci suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33, aka kuma gano da yawansu ba marayu ba ne. Waɗannan mutanen kowannensu ya yi imani alheri yake yi.

Na biyu shi ne maganar ƙwarewa. A garin Jinja na Yuganda, wata Ba'amurkiya da ta fara zuwa aikin sa kai bayan gama sakandare ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, alhali ba ta taɓa shiga makarantar likita ko ta jinya ba. Tsakanin 2010 da 2015 yara 105 suka mutu a cibiyar. Hukuma ta rufe wurin a 2015, wasu iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Don adalci, yaran sukan zo mata ne a galabaice, kuma ita ta musanta cewa ta yi aikin likita. Amma ni tambayata ɗaya ce. A jiharsu ta Virginia, za a bar wadda ba ta da shaidar komai ta buɗe wurin kwantar da jarirai marasa lafiya? In ba za a bari a can ba, me ya halatta shi a Jinja? Garin neman gira ake rasa ido.

Ko aikin da ba na asibiti ba, a duba shi da idon basira. An ce an zo gina aji. Ƙauyen babu magina ne? Akwai su, suna zaune a gindin bishiya ba aiki. Wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba ya zo ya jera bulo a karkace, magini na gaske yana kallo. Mu yi ɗan lissafi. A ce tikitin jirgi da kuɗin kamfani sun tashi dala 2,000, a ce kuma dala tana naira 1,500. Naira miliyan uku ke nan. Da mafi ƙarancin albashinmu na naira 70,000, wannan kuɗin zai biya ma'aikaci ɗaya shekara uku da rabi. An kashe shi a mako biyu, kuma mafi yawansa ya tafi aljihun kamfanin jirgi da dillali.

Koyarwa ma haka. Mu ma'aikatan gwamnati mun san idan aka yi maka canjin wurin aiki, sai ka yi watanni kafin ka gane fayil-fayil, ka san wa ke wa, ka san inda gizo ke saƙa. Kuma ba ka barin kujera sai ka rubuta takardar miƙa aiki. To malamin mako uku wace manhaja ya bi? Wa ya duba aikinsa? Wa ya miƙa wa? Shi ya sa za ka ji yara sun haddace sunayen launuka da waƙar haruffa, domin duk baƙon da ya zo daga nan yake farawa. Ko ɗan bautar ƙasa da yake yin shekara guda cur, mun san yadda makarantar ƙauye take komawa ba malamin lissafi ranar da ya karɓi takardarsa. Ina ga na mako uku?

Sai maganar hoto, wadda ba yau ta fara ba. A Oktoban 1961 wata budurwa Ba'amurkiya cikin rukunin farko na Peace Corps da aka kawo Najeriya ta rubuta katin gaisuwa zuwa gida, tana bayyana ƙazanta da ci-bayan da ta ce ta gani a Ibadan. Katin ya faɗi, wani ya tsinta, ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka kwafe shi suka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Kati ɗaya ke nan. Yau kowane matafiyi yana da kyamara a aljihu da mabiya dubbai. Fuskar ɗan wani, da majina da tsumma, ta zama abin neman mabiya, ba a tambayi uwarsa ba. Kuma kafin mu nuna Bature da yatsa, mu tuna yadda muke yi da azumi, a shiga gidan marayu da katan ɗin taliya biyu da masu ɗaukar hoto uku. Addininmu ya girmama riƙon maraya ƙwarai, ya kuma yabi sadakar da aka ɓoye. Riƙon da aka san mu da shi kuwa a cikin gida ne, ɗan ƙaninka ya tashi tare da 'ya'yanka a kwano ɗaya.

Na san wani zai ce, to Malam, kana nufin kowa ya zauna a gidansu? A'a. Akwai aikin sa kai na gaske, kuma mun ga amfaninsa da idonmu. Ƙungiyar VSO ta Birtaniya tun 1958 take, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ta koma neman ƙwararru masu shekarun aiki. Peace Corps da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961 tsarinta wata 27 ne: kusan wata uku na horo da koyon harshe, sannan shekara biyu a gari ɗaya. Sun yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa Janairun 2011 da matsalar tsaro ta sa aka kwashe su, kuma da yawansu sun fita suna jin Hausa ko Zabarmanci. Farfesa Paul Newman, wanda ya wallafa babban littafin nahawun Hausa a shekarar 2000, da Peace Corps ya fara zuwa Najeriya, ya koyar a Maiduguri. Marigayi Farfesa Russell Schuh shi ma ta wannan hanya ya zauna a Nijar. Zama ne ya haifar da wannan. Da mako bibbiyu suka riƙa yi suna wucewa, da ba mu san sunansu ba.

Haka likitocin MSF. Lokacin da gubar dalma ta riƙa kashe yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, sun zo, sun kuma yi shekaru suna aikin. Suna Asibitin Noma na Sakkwato, suna Jahun suna yi wa mata aikin yoyon fitsari. Amma MSF ba ta ɗaukar mutum don yana da zuciya mai kyau kawai. Sai da takardar shaida da gogewa, kuma mafi yawan ma'aikatanta 'yan ƙasar da ake aikin ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Wato bambancin a bayyane yake. Mai amfani yana da abin da ya iya wanda ake buƙata, masu wurin ne suka nema, yana da wanda yake ba shi umarni a cikinsu, kuma ya zauna har ya koya wa wani. Wanda ya rasa waɗannan, baƙo ne kawai, kuma baƙo raɓa ne. Babu laifi a zama baƙo. Laifin shi ne baƙo ya ɗauki kansa likitan gari.

Tun a 1968 wani malamin coci kuma masani, Ivan Illich, ya tsaya gaban ɗaliban Amurka masu zuwa aikin sa kai a ƙauyukan Meziko ya faɗa musu magana mai ɗaci. Abin da ya nuna musu shi ne su zo su ga ƙasa, su hau duwatsu, su yi karatu, amma su daina cewa sun zo taimako, tunda ko yaren mutanen ba sa ji. Ni ban kai shi zafi ba, amma na yarda da gindin maganar. Wanda ya fi kowa cin ribar irin wannan tafiya shi ne matafiyin. Shi ne zai koma da buɗaɗɗen ido, da labari, da abin rubutawa a takardar neman aiki. To ya faɗi gaskiya mana, ya ce na zo koyo. Ya sauka a masaukin ɗan gari, ya ci abinci a wurin mai tuwo, ya ɗauki ɗan jagora ya biya shi da kyau, ya sayi kayan masu sana'ar hannu ba tare da ya yi musu tayin wulaƙanci ba. Wallahi wannan ya fi amfanar gari a kan fentin da zai shafa.

Akwai ma wata hanya da na fi ganin mutuncinta, irin ta WWOOF da aka fara a Ingila a 1971, da shafuka irin su Workaway. Ka yi wa manomi aikin wasu awoyi a rana, ya ba ka ɗaki da abinci. Ba wanda ya ce ya ceci wani, ciniki ne a fili. Sai dai a kula, ƙasashe da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aiki ko da ba a biya ka ko sisi ba. A Nepal ɗin nan ma, doka ba ta yarda ka yi aikin sa kai da bizar yawon buɗe ido ba, duk da cewa dubbai suna yi.

Yanzu ga ƙannena masu sha'awar abin. Gaskiya ɗaya ce, wannan rayuwar ta bidiyo an gina ta ne a kan fasfo. Bajamushe yana shiga ƙasashe kusan 190 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba. Mai koren fasfo bai kai 50 ba. Bizar Schengen yuro 90 ce, in an hana ka kuɗinka sun tafi, kuma a 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka nema an hana su. Bizar da Ostireliya da New Zealand suke ba matasa su yi yawo suna aiki, babu Najeriya a jerin. Shi ɗan Turai mai shekara 19 da bai iya komai ba ana kiransa mai aikin sa kai, kai kuma injiniya mai digiri biyu sai an tambaye ka shaidar cewa za ka dawo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa harkar hanya ɗaya take bi.

Amma ƙofa ba ta rufe ba. Najeriya tana da nata shirin, Technical Aid Corps, wanda aka kafa a 1987 zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje. Ana tura likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, kuma ƙasashen ne suke rubutowa su faɗi irin ma'aikatan da suke so. Lokacin Ebola a ƙarshen 2014, ma'aikatan lafiyarmu sun tafi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin Tarayyar Afirka, suka sa ransu a haɗari. Akwai shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, akwai kuma na matasa na Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a Abuja a 2010. Waɗannan duk suna tambayar me ka iya, kuma ba sa karɓar kuɗin neman gurbi. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce ga aikin sa kai a Kanada ko Turai, biya kaza a yi maka biza, ka riƙe kuɗinka. In ka yi sa'a damfara ce kawai. In ba ka yi sa'a ba, masu safarar mutane ne.

In kuma yawon ne kawai a ranka, fara da inda fasfonka yake da daraja. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza a ƙasashen ƙungiyar. Ka je Kwatano, ka wuce Lome, ka shiga Kumasi ka ga zango, ka kai Dakar in guzuri ya yarda. Za ka dawo da ilimin da ba a samu a aji.

Wanda kuma ya dage sai ya haɗa tafiyar da aiki, ya yi wa kansa waɗannan tambayoyi kafin ya sayi tikiti. Wannan aikin, za a bar ni in yi shi a ƙasata da takardun da nake da su? Wa ya nemi a zo, mutanen wurin ko kamfanin da zai karɓi kuɗina? Akwai ɗan gari da zai iya yin sa a biya shi? Kuɗin da zan biya, nawa ne zai isa wurin? Ranar da na tafi, wa zai ci gaba? Da ɗana ne a wannan hoton, zan yarda a sa shi a intanet? In amsoshin ba su yi daɗi ba, ya tafi yawonsa a matsayin baƙo, ya aika da gudummawarsa ga masu aikin da ke mayar da yara hannun danginsu. Gidan marayu kuwa, ko kyauta aka ce ya shiga ya yi wasa da yara na kwana biyu, ya ce a'a.

Na san akwai waɗanda suka yi TAC ko UNV a cikin masu karanta wannan, akwai kuma waɗanda suka yi aiki da baƙi masu zuwa sa kai a asibitoci da makarantunmu. Ina son in ji abin da kuka gani, ko da ya saɓa wa nawa.

Allah ya sa mu dace, ya kare mana zuri'a, ya jiƙan iyayenmu.